Lallen da Na Ƙunsa wa Mma Lariba

Ni ba marubuciya ba ce. Waakye nake sayarwa a Nima, cikin Accra, wato shinkafa da wake da ganda da miyar barkonon da muke kira shito, kuma a da ina yi wa mata ƙunshi in biki ya tashi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne matan unguwa sun ishe ni. Ko famfo na je ɗiban ruwa sai wata ta tare ni, Adiza, wai ya aka yi ne ƙafar Mma Lariba? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk ranar da na ba da labarin da baki sai na tsallake wurin da ya shafe ni. To yau ga shi duka, har da wurin. Duk wadda take da tsohuwa mai ciwon suga a gida ta karanta da natsuwa, don an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu uku ne a kan tukunya ɗaya. Mma Lariba ce mai ita, ta kusa saba'in, ta fi shekara talatin tana dafa waakye a bakin lungunmu. Ba ta da ɗa a raye. Ni ta ɗauke ni ne shekarar da mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, ina zaune a ƙofar ɗaki ina kuka safe da yamma. Ta zo ta tsaya a kaina ta ce in tashi in zo in riƙa yanka mata albasa, ko ba komai kukan ya samu dalili. Ta ukunmu Sanatu ce, 'yar arewa daga wajen Walewale, shekarunta ashirin da 'yan kai. Kayayo take yi a kasuwa, wato dakon kaya a ka. Wata rana ta kawo mana buhun wake, tana saukewa zazzaɓi ya kayar da ita a gaban tebur, Mma ta sa aka shigar da ita ɗakinta, shekara shida ke nan ba ta fita ba. Masu saye suna tsokanarmu da kaka da uwa da jika, alhali ko yare ɗaya ba mu gada ba. Hausar Sanatu ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, Mma ta gyara har ta haƙura.

Kowa ya san Mma tana da suga, ita ma ta sani. Amma maganin asibiti sai ta ji jiri take sha, da ta ji sauƙi ta ajiye ta koma ruwan shuwaka. In na yi magana ta ce tun ban san hannuna na dama ba take kula da jikinta. Ta daɗe tana cewa tafin ƙafarta na mata zafi kamar an zuba barkono, daga baya kuma ta daina faɗa, mu da wautarmu muka ɗauka sauƙi ne ya samu.

Makon farko abin bai kai a kira shi ciwo ba. Da safe muna kwashe itace daga ƙarƙashin tukunya, Sanatu ta ce tana jin ƙaurin roba. Muka duba, ashe garwashi ne ya shiga tsakanin silifas ɗin Mma da babban yatsanta na hagu, ya narke robar ya ci fata, ita kuwa tana tsaye tana juya shito ko gezau. Ta yi dariya ta ce ƙafar mai waakye ta riga ta saba da wuta. Muka shafa mata man kaɗe, aka ci gaba da ciniki. Wallahi har yau in na tuna dariyar da muka taya ta sai na ji kamar in mari kaina, mutum wuta ta ci namansa bai ji ba, mu muna yaba masa jarumta.

Kwana goma bayan nan aka yi suna a gidan maƙwabtanmu. Mma ta kira ni ɗakinta da la'asar ta ce in yi mata ƙunshi, irin na tsofaffi, wanda ake rufe tafin ƙafa da yatsu gaba ɗaya, a bi shi da toka da gishirin lalle har ya koma baƙi wuluk. Ɗakinta taga ɗaya gare shi, ita ma bangon wani gida ya tare ta, kuma an ɗauke wuta. Da na ɗaga ƙafar na ga ƙunar ba ta rufe ba, gefen yatsan kuma ya yi duhu. Na tambaye ta, ta ce baƙin murhu ne da sauran tsohon lalle. Ni kuma da bakina na ce ai lalle ma magani ne, yana sanyaya ƙafa yana busar da gyambo, haka muka taso muka ji iyayenmu na faɗa. Na cika ramin ciwon da lalle, na naɗe da leda, na ɗaure da tsumma tamau, ya kwana. Da aka kwance ya kama sosai, mata a wurin suna sai yabon hannuna suke yi, ni ko ina ta washe baki.

Sau biyu na ƙara mata bayan wannan, mako-mako, duk ita take kira ta ce ya fara koɗewa. Na yi ta mamakin tsohuwar da a da sai Salla take ƙunshi, amma na ce ƙila sanyin ne take jin daɗinsa. Ta fara ɗingishi ta ce gwiwa ce. Ta fara sa safa cikin zafin Accra ta ce sauro. Wani wari ya fara tashi a wajen tebur, muka ɗora wa kwatar da ke bayanmu laifi, sannan muka ɗora wa ganda, har na yi faɗa da matar da ke kawo mana ita, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba.

Sanatu ce ta gano, a mako na biyar. Ita ke kwana ɗaki ɗaya da Mma. Ta same ni ina wanke ganyen karan dafi da muke jefawa a tukunya, ta ja ni gefe ta ce, "Anti Adiza, ƙafan Mma ne yake wari. Shi ya hana ni faɗa. Jiya jikinshi zafi, yana magana da mutanen da ba su nan." Na shiga ɗakin na tarar da Mma kwance tana rawar sanyi. Ban tambaye ta ba na janye safar. Safar ta manne, da ta fito wani ruwa ya biyo ta, ƙudaje suka taso kamar an kira su. Amma ko a lokacin, ga ƙafa a hannuna, ban iya bambance inda lalle ya tsaya da inda ciwo ya fara ba. Duka baƙi ne.

Tasi ba ta shiga lungunmu, Sanatu ce ta goya ta har bakin titi. A asibitin unguwa muka tarar da layi har waje, kuma katin inshorarta ya mutu tun bara ba wanda ya lura. Wata yarinya a tebur ta taimaka mana ta sabunta shi ta waya, Allah ya saka mata, amma ta ce ba lallai ya fara aiki yau ba, haka muka biya daga cinikin jiya. Tun hantsi sai bayan azahar aka kira mu. Nas ɗin da ta auna sugan ta sake aunawa, sannan ta kira wata ta nuna mata. Ta sa auduga da ruwan magani tana goge ƙafar, tana gogewa tana tsaki, ta ce da Turanci da Twi a haɗe wannan fentin ba ya fita, ta yaya za ta ga abin da ke ƙasa. Ba a ajiye mu ba, takarda aka ba mu zuwa babban asibiti.

Can kuma babu gado. Mma ta yini a kujerar roba, da ledar ruwa a rataye jikin ƙusa, ta kwana a nan, sai washegari da yamma aka samu wurin wata da aka sallama. Zan faɗi gaskiya kan ma'aikatan nan. Akwai wadda ta daka mana tsawa kamar mun zo sata, don na tambaye ta sau biyu yaushe likita zai zo. Akwai kuma wani dattijo mai tura marasa lafiya a keke, da ya ji muna Hausa ya je ya samo wa Mma kwali ta ɗora ƙafa, ya nuna mana kantin da magani ya fi sauƙi a waje. Kusan duk allurar da aka rubuta sai an fita an saya. Atamfofina uku da na ajiye wa bikin 'yata, a makon nan na sayar da su, ban kuma yi nadama ba.

Likitar mace ce, yarinya, ba za ta girmi Sanatu da yawa ba. Ta daɗe tana latsa ƙafar da yatsa tana tambayar Mma ko tana ji, Mma na cewa a'a. Ta ɗago ta yi magana da Twi a hankali yadda za mu gane. Ta ce yatsu biyu sun riga sun mutu, kuma abin da ya mutu ba ya farkawa, maƙwabcinsa yake ja. In aka cire su da ɗan abin da ke kusa a makon nan, Mma za ta taka ƙafarta. Sai ta tambaya wa ya sa wannan baƙin abu a kan ciwo, don da an ga launin fatar makonni uku da suka wuce da wanki da magani kawai za a yi. Sanatu ta sunkuyar da kai. Mma ta juya fuska bango. Ni da ake cewa bakina ya fi shitonmu yaji, na tsaya kamar an ɗinke ni, ban ce ni ce ba.

A ranar na kira ƙanenta, Alhaji Seidu, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai. Shi kaɗai ya rage mata na jini. Kada wani ya ɗauka mugu ne, yana son 'yar'uwarsa, ya zo da gudu da man inji a rigarsa, ya biya kuɗin maganin ranar bai tambayi ko nawa ba ne. Amma da ya ji maganar yanka sai ya miƙe. Ya ce da yatsu goma Allah ya aiko ta, da goma za ta koma masa, kuma ya san asibiti, yau yatsa gobe gwiwa jibi likkafani. Akwai wani mai magani da ya warkar da abokin cinikinsa, can za a kai ta. Na ce Alhaji, likita ta ce kwanaki ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Adiza, ke abokiyar tukunya ce. Wannan maganar ta dangi ce."

Abin ya soke ni, amma wanda ya fi ciwo shi ne Mma ta bi bayansa. Likita ta gaya mata ita ce mai jiki, in ta dangwala yatsa a takarda ba mai hanawa. Ta ce ita a kai ta gida. Suka sa ta dangwala a wata takardar, ta cewa da kanta ta fita.

Kwana goma sha biyu muka yi a hannun mai maganin nan, a wani gida bayan Alajo. Ni da Sanatu muka raba aiki, ɗaya na kan tukunya ɗaya na wurin Mma, don in tukunya ta mutu duk mun mutu. Kullum ana dafa saiwa a turara ƙafar, a shafa wani baƙin haɗi a ɗaure da ganye. Ya hana allurar suga, wai tana faɗa da maganinsa. 'Yan dubiya kuwa kowa da nasa asibitin a baki. Wata ta ce a zuba zuma, wata ta ce ruwan batir ya warkar da mijinta, wata ta ja ni gefe ta rantse Mma taka wani abu ta yi da masu baƙin cikin cinikinmu suka binne a bakin tebur. Har sunan mai kokon da ke kallonmu aka kira. Na ji su duka ban musa ba, don ni na san abin da aka binne a ƙafar nan da wadda ta binne shi.

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Mma da take ɗaga tukunyar mutum hamsin da mu biyu a gefe, ta koma ko kofi ba ta iya riƙewa. Ina wanke ta ina jin ƙasusuwan bayanta. Warin ya kai 'yan dubiya suna tsayawa daga ƙofa su yi sannu su juya. Ranar sha biyu da safe na kwance ganyen, na ga baƙin ya wuce inda lallena ya tsaya, ya haye idon sawu, fatar sama da shi ta yi ja ta kumbura tana sheƙi. A karon farko na ga iyakarsa da idona, don can ban taɓa sa lalle ba. Ban kira Alhaji ba. Na ce wa Sanatu ta ɗauke ta, mai maganin yana ta faɗa a bayanmu cewa mun karya masa aiki saura kwana uku, na ce ya riƙe kwana ukun ya ƙara a nasa.

Likitar nan dai muka sake samu. Ba ta yi mana gori ba, na gode mata da wannan har gobe. Ta duba ta ce yanzu ba maganar yatsu ake ba, sai dai ƙasa da gwiwa, kuma dafin ya fara shiga jini. In an kai jibi ba a yi ba, ita ba ta da sauran abin da za ta ce mana. Aka kawo takarda, Mma ta dunƙule hannu ta tura ƙarƙashin zane.

Na roƙe ta da Allah da Annabi. Na kawo mata malamar islamiyyarmu ta gaya mata neman magani ba saɓo ba ne, kuma wanda ya halicci ƙafa daga babu ba zai kasa mayar mata da ita ranar tashi ba. Ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma hannu na nan a dunƙule. Da malama ta tafi na rasa haƙuri, na ce mata to ta faɗa mana gaskiya, mutuwar take so ta bar mu da tukunya da kunya? Sai a lokacin ta buɗe baki, muryarta can ƙasa.

"Adiza, daga ɗakina zuwa ban-ɗakin unguwa kwata nawa ake tsallakawa?"

Na ce uku.

"Ta tsakiyar katako ɗaya ne a kanta. Mai ƙafa biyu ma sai ya yi bismilla. In an yanke ni, a roba zan riƙa yi cikin ɗaki, yarinyar nan ta riƙa fita da shi a gaban mutanen gida kullum safe. Na ga yadda aka yi da Mma Asibi ta gidan ƙasa. Wata uku aka yi ana tausayinta, daga nan aka fara toshe hanci. Ku bar ni in tafi da mutuncina."

Ashe ba kabari take tsoro ba, ban-ɗaki take tsoro. Gidanmu ɗaki goma sha huɗu ne babu bayan gida ko ɗaya, kamar yawancin gidajen lungun, kuma mu da muke zaune a ciki ba mu taɓa kawo wannan a ranmu ba. Ba kuma ƙarya ta yi ba.

Sanatu tana zaune a ƙasa gefen gado. Ta miƙe ta ɗaure zanenta a ƙugu yadda suke yi in za su ɗauki kaya, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Mma ɗaya ƙarƙashin cinyoyinta, ta ɗaga ta cak daga gadon, da robar ruwan a hannunta da komai. Nas ta taso tana faɗa. Sanatu ba ta ko kalle ta ba, ta tsaya a tsakiyar ɗakin da tsohuwa a ƙirjinta ta ce, "Mma, shekara biyar ina ɗaukan buhun albasa daga mota zuwa cikin kasuwa, don kuɗin koko. Buhu ɗaya ya fi ka nauyi sau biyu. Katakon nan na bi shi da buhu. Ba roba. Ni zan kai ka, ni zan tsaya a ƙofa, ni zan dawo da kai."

Mma ta ce aure fa, wata rana za ki tafi. Sanatu ta ce duk wanda zai aure ta sai ya fara gwada ɗaukar Mma, in ya kasa ya koma gidansu. Matan da ke sauran gadajen suka yi dariya, wata tana share hawaye. Mma ta ce a sauke ta kafin a karya mata ɗayar. Da aka kwantar da ita ta daɗe tana kallon silin, sannan ta fito da hannun daga ƙarƙashin zane.

Washegari aka yi aikin. An nemi jini, matasan masallacinmu uku suka zo suka bayar, ni an ce nawa bai isa ba. Da aka fito da ita wani ma'aikaci ya tambaye mu ko za mu karɓi abin da aka cire, tunda Musulmi ne mu. Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma mu mata ba ma shiga maƙabarta. Dole na kira Alhaji Seidu na gaya masa abin da muka yi a bayansa. Ya kashe waya. Bayan awa biyu sai ga shi da farin yadi a leda, ya karɓa ya naɗe da hannunsa, ya je ya binne. Ya dawo ya zauna gefen 'yar'uwarsa har ta farka, ya kuma ɗauki nauyin sandunan da take dogarawa. Ni dai tun ranar in na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa.

Mako uku ta ƙara a asibiti, wata biyu muna zaryar wankin ciwon a trotro, motar hayarmu. Kafin a sallame mu wata nas ta zaunar da ni ta koya mini abin da ya kamata a ce na sani tun shekaru. Kullum a duba ɗayar ƙafar a cikin haske, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, don mai suga ƙafarsa ba ta kawo masa ƙara. Kada ta yi tafiya ba takalmi, kada ta matsa kusa da wuta, kada a sa komai da zai rufe launin fata. Sanatu kuwa ta cika alkawari. Kullum bayan asuba da kuma bayan magariba za ka gan ta da Mma a baya tana bin katakon nan, har mutanen gida suka ji kunya suka haɗa hannu aka sa mai faɗi.

Ni ce ban warke ba. Na daina ƙunshi gaba ɗaya, na ba da sauran lallen da nake da shi. In na kwanta sai in ji muryar likita tana tambaya wa ya sa. Kullum ina wanke kututturen ƙafar nan ina shafa mai, ina cewa a raina aikin hannunki ne, Adiza.

Wata na biyar, ranar wata Laraba bayan an tashi ciniki, muna zaune ni da ita muna tsince wake. Ta ce ta ji uwar amaryar gidan Malam ta zo neman ƙunshi har sau biyu na ƙi, me ya sa nake korar abinci. Na ce ba komai. Ta matsa. Sai kawai na ajiye faranti na fashe da kuka, na ce Mma ni na cinye miki ƙafa, ni na ga ciwo na cusa masa lalle har sau uku, likita ta tambaya na yi shiru, ki yafe mini don ni na kasa yafe wa kaina.

Ba ta daina tsince waken ba. Ta ce, "Kwana uku kafin in kira ki na ga yatsan ya fara baƙi. Na san ko mene ne, na gani a ƙafar Asibi. Shi ya sa na ce ki yi mai duhu. Shi ya sa na kira ki lokacin da babu wuta."

Na ce, kika bar ni wata biyar ina ɗauke da wannan?

Ta ce kunya ce ta hana ta. Ta ce ta yi tunanin in mun gani za mu kai ta asibiti, in an kai ta za a yanka, gara ta lallaɓa ko Allah zai sa ya bushe. Kuma duk Nima ba hannun da ta yarda da shi kamar nawa.

Na tashi na bar mata waken. Kwana biyu ban yi mata magana ba, ni da ban taɓa kwana da fushinta ba cikin shekara goma sha ɗaya. Na ji haushi irin wanda ban san ina da shi ba, don da hannuna ta ɓoye abin da ya kusa kashe ta, kuma ta zaɓe ni ne saboda ta san ba zan musa mata ba. Har yanzu ban gama hucewa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuma maganarta ba ta wanke ni duka ba, ai na ga duhun nan da idona, na karɓi amsar da ta fi mini sauƙi.

Amma ko a kwana biyun nan ban fasa zuwa ba. Da gari ya waye sosai nakan sa Sanatu ta fito da ita tsakar gida inda rana take, in jawo kujera in zauna gabanta in duba ɗayar ƙafar. Yau da safe ma haka aka yi. Ta ce, "Adiza, lafiyarta lau, na duba da kaina."

Na ce, "Na ji, Mma. Cire safar."